Minti Arba'in da Biyar a Gefen Titi

Yaya Gwadabe,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau. Ina nan ina jigilar kaya a ƙaramar mota tsakanin Jamus da Holan. Bana doka ta sa an liƙa mana na'ura mai ƙirga awoyin tuƙi. In na yi awa huɗu da rabi, dole in huta minti arba'in da biyar.

Ka tuna faɗan da kake mani a hanyar Maraɗi, wai gaisuwata na ɓata mana lokaci? Jiya na tsaya cikin motoci goma, na sauka na yi sallama. Kowa gilashinsa a rufe.

Gaida mutanen Ƙofar Kaura. Ka kira ni bayan azahar, lokacin nake tsayawa. Ka tambaye ni gajiya, ka tambaye ni sanyi. Don Allah kada ka yi sauri.

Ƙanenka,
Mudassir