Alkamar Jan Ƙyalle

Litinin, 5 Disamba, 2022
An gama shuka. Fangali arba'in da takwas, irin alkama goma sha biyu, a gonar Ba Kashim da ke Dusuman. Rabi za su sha ruwa har girbi. Ɗaya rabin, waɗanda na ɗaura wa jan ƙyalle a turke, zan yanke musu ruwa in sun kusa fitar da kai, in ga irin da zai jure ƙishi. Digirin nawa ke nan gaba ɗaya. Shekara huɗu a Maiduguri a kan tambaya guda.

Alkama sau ɗaya take yi a shekara, da sanyi. Bara a gonar jami'a injin ban-ruwa ya mutu sati uku, aikin ya bi shi. Shi ya sa bana na fito waje. Na yi wa matata Humaira alkawarin zan dawo gida Talata Mafara kafin Babbar Sallah, da kundina a hannu. Ta ce Allah Ya sa, da muryar wadda ta taɓa jin wannan magana.

Alhamis, 15 Disamba
Sashe ya haɗa ni da wata ɗalibar injiniya, Phebe, 'yar Biu, mai neman digiri na biyu. Ta ƙera wata na'ura da ake cusawa a ƙasa, ta auna danshi, ta turo lamba ta waya. Wai a gonata za a gwada. Ba a tambaye ni ba, sanar da ni aka yi. Gonar mutum ta zama dandali.

Gaskiya dai yarinyar ba ta da son jiki. Ita ta haƙa ramukanta da kanta, ba ta taka mini ko tsiro ɗaya ba.

Asabar, 7 Janairu, 2023
Keke biyu daga Bulumkutu, inda nake zaune, zuwa Kwastam, sannan a tsaya jiran motar Dusuman. Kullum. Ba Kashim ya ce in ƙaura gona kawai, tunda Afuno ba ya gajiya da yawo. Haka yake kirana, wai sunan Bahaushe ke nan a bakinsu. Na ce in na ƙaura wa zai ciyar da ni, ya ce alkamar da nake auna wa tsawo da rula.

Tsohon ya san alkama. A Marte ya noma ta shekara talatin kafin gudun hijira ya kawo shi nan.

Litinin, 23 Janairu
Yau na yanke ruwa. Na zaga da Ba Kashim na nuna masa: duk mai jan ƙyalle, ko ɗigo. Ya dube su, ya dube ni, ya ce to.

Alhamis, 2 Fabrairu
Phebe ta tare ni a ƙofar ɗakin gwaji, wai danshi ya hau a fangalin jan ƙyalle jiya. Na ce ta yaya? Ruwan sama aka yi a Fabrairu? Ta je ta duba wayoyinta.

Juma'a, 10 Fabrairu
Kwana goma sha takwas babu ruwa, alkama kore shar! Iri tara cikin goma sha biyu ko ganye ba su naɗe ba. Na auna, na sake aunawa. Na kai wa Farfesa Abdulnasir, mai duba aikina, ya cire tabarau ya ce wannan in ya tabbata sai an ji sunanmu. Sunanmu. To, ba komai.

Na kira Humaira na ce ta fara shiri. An ba 'yarmu Khairunnisa waya, ta ce mini ina wuni kamar baƙo. Wata biyar take da shi lokacin da na taho.

Litinin, 13 Fabrairu
Phebe kuma. Wai ya sake hawa. A gaban mutane take faɗa, kamar ni ne ban san busasshiyar ƙasa ba, ni da aka yaye ni a bakin madatsar Bakolori. Na rubuta wa malaminta takarda cewa na'urar tana ba da lambobin banza, kada a haɗa su da aikina. Ba zan bari kayan wasan wani su ɓata mini shekara ba.

Alhamis, 16 Fabrairu
An ɗage kare kundin Phebe, sai ta gyara na'ura. Ban nemi haka ba. Ni dai na faɗi abin da na gani.

Ta same ni a gindin darbejiyar sashe. Na ɗauka faɗa za ta yi. Waya kawai ta miƙo mini.

“Malam Mahfuz, duba ranakun. Ɗaya ga wata, takwas, sha biyar. Na'ura in ta haukace, ba ta zaɓen Laraba.”

Na ce ba ni da lokacin wannan.

“Alkamarka ta fi ni zuwa sujadar Laraba ta coci a kan lokaci,” in ji ta, ta karɓi wayarta ta tafi.

Laraba ce ranar taron sashe, Alhamis ina tsaron ɗalibai a ɗakin gwaji. Kwana biyun da ba na zuwa gona ke nan. Wannan na sani, ba sai ta gaya mini ba.

Laraba, 22 Fabrairu
Ban je taro ba. Na tafi gona.

Tun daga hanya na ji ƙarar inji. Na same shi ya naɗe wando, fartanya a hannu, ya fasa bakin fangali mai jan ƙyalle, ruwa na shiga a hankali kamar ana shayar da majinyaci. Bai firgita ba. Ya gama, ya toshe bakin, ya ja busasshiyar ƙasa ya rufe wurin, sannan ya yi mini sannu da zuwa.

Abin da na faɗa masa ba zan rubuta duka ba. Na ce ya ci amanata. Na ce shekara huɗu na rayuwata ya zuba wa ruwa. Na faɗi wata kalma da ba a faɗa wa sa'an uba. Ya bar ni na gama.

“Ka ce kar in ba su, Malam. Ba ka ce don me ba.”

Na ce bincike ne, ba dole ne ya gane ba.

“Haka ne. Amma ranar da muka bar Marte, alkamata tana fitar da kai, kamar wannan. Na waiwaya na gan ta. Ba ni da iko a ranar. Nan kuwa ga rijiya, ga inji, ga ni tsaye. Na jure sati guda. A rana ta tara na kasa.”

Ya ce kaɗan yake ba su, na jiƙa maƙoshi. Kaɗan! Kamar akwai kaɗan a cikin wannan aiki.

Na kashe injin da hannuna na taho. Ban yi masa sallama ba.

Alhamis, 23 Fabrairu
Ba iri tara ne suka jure ƙishi ba. Tsoho ɗaya ne ya kasa jurewa.

Juma'a, 24 Fabrairu
Liman yana huɗuba, ni ina lissafin wa ya sani. Ni, da tsohon da ba ya shiga jami'a. Na'urar da za ta tona, an riga an ce ta lalace, kuma da sa hannuna. Lambobin da ke littafina ba ƙirƙirarsu na yi ba, haka na auna su. In na yi shiru, watan Yuni ina gida. Phebe ta gyara abin da bai lalace ba, ta gama a baya kaɗan. Mutane nawa ne suka fita daga nan da abin da bai kai wannan ba?

Sai dai akwai abu biyu. In aka ce wa manomi irin nan yana jure ƙishi, zai yarda, zai shuka, ba zai sami Ba Kashim ranar Laraba ba.

Na biyun ya fi ci mini rai. Juma'a uku da ta wuce na sa yatsa a ƙasar fangali na ji sanyi. Na ce raɓa ce. Raɓa, har gaɓa biyu na yatsa. Ni da aka yaye a Bakolori.

Lahadi, 26 Fabrairu
Na gaya wa Humaira. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce in na dawo da takardar ƙarya, a wane bango zan rataye ta? Ban so tambayar ba. Ita ba ta san abin hawa uku kullum ba, ba ta san zafin garin nan ba. Ta dai san shekara huɗu, ita ma.

Laraba, 1 Maris
Na faɗa a taron sashe, a tsaye, a gaban kowa. Cewa an shayar da fangalin, gwajin bana ya rushe, na'urar Phebe daidai take, takardar da na rubuta a kanta kuskure ce, na janye.

Wani a baya ya yi dariya. Wani malami ya ce shi ya sa ba a kai bincike gonar jahilai. Ban san lokacin da na ce masa mutumin ya fi duk wanda ke ɗakin nan sanin alkama ba, ni ne ban yi masa bayani ba. Ni da nake son shaƙe tsohon, ga ni ina kare shi. Abin haushi.

Farfesa bai dube ni ba har aka tashi. A ofis ya ce ya riga ya faɗa wa mutane sakamakon, yanzu da wace fuska? Daga baya ya ce shekara ɗaya ba ta kashe mutum. Shekarar wani ba ta kashe mutum, gaskiya ne.

Juma'a, 3 Maris
Na ba Phebe haƙuri. Na shirya dogon bayani, ta katse ni, ta ce ta ji, amma baɗi sandunan auna danshi ashirin da huɗu za ta kafa ba takwas ba, kuma ni zan haƙa ramukan. An mayar mata da ranar kare kundinta.

Asabar, 25 Maris
Azumi na uku. Girbi. Alkama ta yi kyau, kyan banza, ba ta da amfani ga kowa sai mai ci. Wata guda ina zuwa ina aikina ba mu wuce gaisuwa ba.

Da la'asar, leɓena ya bushe har magana na yi mini wuya, na zauna a gindin mangwaro. Ya zo ya zauna nesa kaɗan. Ban shirya ba, sai na ji ina yi masa bayani. Na ce ruwa raguwa yake yi, zafi na zuwa da wuri. In muka bar fangali ashirin da huɗu suka sha wuya a nan, muka gane irin da ke tsayawa, wata rana wani zai bar gonarsa sati uku ba da sonsa ba, ya dawo ya tarar da abin girba.

Ya daɗe yana murza zangarniya a tafin hannu. Ya ce da na faɗi haka tun Janairu. Na ce da ka jure? Ya ce bai sani ba, ba zai yi mini ƙarya da azumi a bakinsa ba.

Sai ya kawo sharaɗi. Baɗi in sake yi a gonarsa, amma in kewaye masu jan ƙyallen da zana, mai tsawo, yadda ba zai gan su ba. Shi zai kula da masu shan ruwa. Abin da ke bayan zana, tsakanina da Allah.

Na ce zan yi tunani. Ban yafe ba tukuna. Kalmar da na faɗa masa ce dai na ce ya yafe mini, wannan daban ne.

Alhamis, 29 Yuni
Babbar Sallah a gida, kwana shida, hannu wofi. Kowa “Dakta, Dakta,” ina gyara musu har na gaji. Khairunnisa ta yarda ta zauna a cinyata a rana ta huɗu.

Litinin, 22 Janairu, 2024
Na yanke ruwa. Zana ta zagaye, na ja ta baya taku goma don kada inuwa ta taɓa alkamar. Phebe ta gama digirinta tun tuni, amma ta zo ta duba sandunanta, ta ce ramukana a karkace suke.

Laraba, 14 Fabrairu
Kwana ashirin da uku. Lambobi suna sauka yadda ya kamata, Laraba ma. Iri tara sun naɗe ganye, sun yi fari-fari. Na huɗu da na sha ɗaya suna tsaye. Na uku ya kwanta, ba zai tashi ba.

Aunawa ta minti arba'in ce, yau na yi ta a ashirin da biyar na fito. Zafi ne, ba wani abu ba. Butata na bar ta a waje, nesa da ƙofar zana, saboda tana yi mini nauyi.

Ba Kashim yana ban-ruwa a ɗaya ɓangaren, bai juyo ba. Ya ce, “Afuno, yaya mutanenka na ciki?”

Na ce biyu suna tsaye.

Ya ce sauran fa? Na ce kada ya tambaya. Ya miƙo mini fartanya, wai bayansa na ciwo. Na karɓa na fasa bakin wani fangali cikin masu shan ruwa, na tsaya ina kallon ruwa yana shiga. Ya cika tun ɗazu, sai da ya ce in toshe.

Gobe zan ƙara wa zanar tsawo ta gefen hanyar da nake shigowa. Saboda awaki.