Wata takwas ina zuba wa mijina garin nama a miya bai sani ba

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah ki ɓoye sunana. Ku kuma masu jiran mutum ya buɗe baki ku rufe shi da zagi, na san halinku, ku daure ku karanta har ƙarshe tukuna. Duk abin da za ku faɗa min na riga na faɗa wa kaina, kuma ba ni kaɗai ce mai laifi a maganar nan ba.

Ni 'yar Gaya ce, gidanmu mahauta ne tun kakanni. Aure ne ya kawo ni Ajingi. Mijina malamin firamare ne, yana kuma ɗan noman gyaɗa da dawa, 'ya'yanmu uku. Bara ana gab da Babbar Sallah ya dawo daga Kano, na ajiye masa tuwo da miyar kuka har da tsoka biyu a kai, sai ya ture naman gefe ya ce daga yau ya daina ci. Ba naman shanu, ba na rago, ba kaza, ko romo kada in zuba masa, gishiri ma in rage. Na tambaye shi dalili, ya ce haka kawai, jikinsa ya fi masa daɗi. Ku ji fa, haka kawai. Mutumin da a da sai ya tsotse ƙashi har ya huda shi. Ya yanka ragon layya da hannunsa, amma ko hanta bai ɗanɗana ba, ya zauna yana cin wake da zogale kamar wanda aka yi wa horo.

Kafin wata biyu ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. To wa kuke tsammani aka ɗora wa laifi? Ni mana. Yayarsa da ke aure a Kademi, matar da ba ta taɓa shigowa gidana ta fita ba tare da ta bar min baƙar magana ba, ta zo ta tsaya a tsakar gida ta ƙare masa kallo, sannan ta juyo ta ce min: "'Yar mahauta guda, amma mijinki ya koma kamar karan dawa. Ko naman gidanku kike mayarwa?" A gaban maƙwabta ta faɗa. Shi kuma yana zaune yana ji.

A kwanakin nan ne na ci karo da wani bidiyo a waya, wani mutum yana bayanin wani sinadari wai shi kanitin. Ya ce a jan nama ya fi yawa, shi ke taimaka wa jiki ya mayar da kitse ƙarfi. Na ce alhamdulillahi, ga dalilin ramar. Na nuna wa mijina, ya kalla ya yi min wannan murmushin nasa na 'yan boko da na tsana, ya ce jikin mai lafiya yana haɗa kayansa da kansa daga wake da gyaɗa da nono, in daina wahalar da kaina. Watau ni jahila ce ke nan? Ni da nake ganin ƙasusuwan ƙirjinsa kullum?

Sai na yi abin da na iya. Ina da sauran soyayyen naman layya a robar fenti, na shanya shi ya bushe ƙarau, na daka shi luƙwi tare da daddawa, na tankaɗe. Wanda ya san daddawa ya san warinta yana danne komai. Kullum sai na zuba cokali biyu a 'yar tukunyar da nake yi masa miyarsa daban, wani lokaci uku. Da na layya ya ƙare sai na sa yayana ya riƙa aiko min da busasshen nama daga Gaya ta hannun direba ranar kasuwa, na ce na yara ne. Mijina yana ci yana santi, har ya taɓa ce min na gano kan miyar marasa nama. Ni kuwa ina dariya a ciki, ina cewa ci abinka, ai ka raina min hankali. Kunyar faɗar wannan nake ji, amma gaskiya daɗi nake ji duk lokacin da ya sa loma. Wata takwas ina yi.

Makon jiya ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ya ce in shirya in raka shi Kano, likita yana son ganin mai dafa masa abinci. Wane likita kuma? Sai a cikin bas, muna matse a kujerar baya, ya faɗa min ƙasa-ƙasa cewa ciwon ƙoda gare shi, tun bara aka gano, likita ne ya hana shi nama da yawan gishiri don ƙodar ta samu sauƙi. Na ce me ya sa bai gaya min ba tun farko. Ya ce: "Na san ki, kina ji Gaya ta ji, daga nan Innata ta ji, ga ta da hawan jini." Jama'a, shekara goma sha ɗaya muna tare, abin da ya ɗauke ni ke nan, mai surutu. Da ya buɗe baki ya ce min likita ne, wace mahaukaciya ce za ta daka masa nama? Har yanzu idan na tuna sai in ji kamar in shaƙe shi, sai kuma in kalli ƙafafunsa in ji tausayinsa.

Likitan ya duba takardun gwaji ya ce abin ya ƙaru maimakon ya tsaya, kuma bai yi tsammanin haka ba ga mutumin da ke kiyaye doka. Ya juyo ya tambaye ni me nake sawa a miya, ɗaya bayan ɗaya. Na lissafa kuka, kuɓewa, albasa, daddawa. Ya ce babu romo, babu wani abu na nama? Kafin in amsa mijina ya ce: "Likita, a kan girki ba ta taɓa saɓa min ba." Sai na ji bakina ya ce babu. Likitan ya rubuta. Ya ce mu koma ranar Talata ta sama a sake gwaji, idan har an kiyaye abinci haka amma ciwon na gaba, to dole a canza tsari, har ya ambaci wankin ƙoda.

Muna dawowa na juye sauran garin a masai. Ban sani ba ko garina ne ya jawo kumburin ko ciwon ne ke tafiyarsa, ni ba likita ba ce. Abin da na sani shi ne likitan zai yanke hukunci a kan ƙaryar da na yi masa. Idan na faɗi gaskiya, yayarsa za ta zagaye Kademi da Ajingi tana cewa 'yar mahauta ta so kashe mata ƙani, shi kuma ban san ko zai sake cin abin da na dafa ba, ko ma ya bar ni a gidan. Idan na yi shiru, ana iya ɗora shi a kan injin wankin ƙodar da wataƙila bai kai lokacinsa ba. Yau da rana ya cinye tuwonsa, ya ce miyar ta canza, ko daddawar ce ba ta da kyau wannan karon. Na ce eh, daddawar ce.

Kwana biyar suka rage. Kada wanda ya ce min in yi haƙuri, ba haƙuri na zo nema ba. Shi zan fara gaya wa ko likitan? Me zan yi?