Farin Zoɓon Amariya

Komah, Sokodé, 2 ga Oktoba

Zuwa ga ɗiyata Balkisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Karim da yara, da fatan kuma aikinki na malamar gona a Dapaong yana tafiya daidai.

Dalilin takardar nan shi ne farin zoɓon mahaifiyarki Amariya, Allah ya jiƙanta, wanda na shuka a bayan gida. Ya yi tsawo har ya wuce kafaɗata, ganyensa shar, amma babu fure ko ɗaya. Na maƙwabta tuni ya fara ƙwallo. Na zuba taki, na yayyafa toka, ban ga canji ba. Ke kika karanci wannan fanni. Ki duba hoton da na haɗo, ki ba ni shawara da gaggawa.

Mahaifinki,
Harisu

14 ga Oktoba

Ɗiyata Balkisu,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar iyalinki. Amsarki ta iso, kuma ta hana ni sukuni. Kin ce kowane tsiro, har gansakukar da ke jikin rijiya, yana da agogo a cikinsa da yake auna dare da rana, kuma zoɓo ba ya fure sai dare ya yi masa tsawo. Kin ce fitilar sola da ta fito a hoton ita ta rikita masa lissafi.

Ni na kawo fitilar nan. Ni na rubuta takardar roƙo da hannuna, saboda tsofaffin da ke faɗawa lambatu a hanyarsu ta zuwa sallar asuba. Na je wurin liman in roƙi a riƙa kashe ta, ya saurare ni da girmamawa, ya ce ba za a kashe fitilar jama'a saboda ganyen miya ba. Gaskiya ya faɗa.

Kin ce in haƙura, baɗi in shuka rabin irin da na ajiye miki. Balkisu, babu shi. Da na ga ƙwari sun shiga kwalbar da irin yake ciki, tsoro ya kama ni, na shuka duka ban gaya miki ba. Na tambaya har unguwar Didaouré, ba wanda yake da irinsa. Mahaifiyarki daga wurin kakarta ta gaje shi. Ki yafe mini.

Mahaifinki,
Harisu

5 ga Nuwamba

Ɗiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Shirunki ya ishe ni amsa, ban kuma ga laifinki ba.

Na gwada rufe shukar da buhuna, amma sun kasa tare hasken. Saboda haka na buɗe akwatin mahaifiyarki, wanda ban taɓa ba tun rasuwarta, na kai wa Awa tela zannuwanta masu kauri ta haɗe su. Kullum kafin magariba nakan lulluɓe shukar, in yaye bayan fitowar rana. Masu wucewa suna gaishe ni da irin muryar da ake gaida marar lafiya.

Ruwa ya ɗauke, ganyen ƙasa ya fara zuba, da bokiti nake shayarwa. Amma yau da safe, a cikin tushe arba'in, na ga tohon fure uku a jikin guda ɗaya.

Ko ba za ki yafe mini ba, ki amsa mini a matsayin malama: uku sun isa su ba da iri?

Ina jira.

Mahaifinki,
Harisu