Tukunyar Sahlab ta Gidan Jiryis

Husun, 4 ga Disamba, 1988

Yaya Widad,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya sanyin Zarƙa, ya ɗalibanki? Matata Suhaila da yara suna gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin takardata a hannun Abu Tawfiƙ direba, bayan shekara shida ko sannu ba ta haɗa mu ba. Ba zan yi kewaye-kewaye ba. Baba ba shi da lafiya. Tun bazara mantuwa ta fara kama shi, yanzu kuma ya daina karɓar abinci. Suhaila ta kai masa miya ya kau da kai, ta kai shayi ya ture. Tun da ruwa ya sauka abu ɗaya yake nema, kunun madarar nan mai zafi na Umma: "Ina sahlab ɗin Hilana? Kirsimeti ta ƙarato ba a ɗora tukunya ba?" Wani lokaci ya manta Umma Hilana ta rasu, sai ya riƙa ƙwala mata kira.

Na sayo masa na ƙulli a kasuwar Irbid, muka dama. Kurɓa ɗaya ya yi ya tofar, ya ce ai wannan ko bango ba a shafa wa. Ke kaɗai kika tsaya kusa da Umma a kicin duk shekarun da take dama wa unguwa ranar idin Kirsimeti. Don Allah ki rubuto mana yadda ake yi. Ba don ni ba.

Ƙanenki,
Bishara

Zarƙa, 6 ga Disamba

Bishara,

Ina amsawa, ka gaishe da Suhaila da yara. Ashe hannunka na aiki? Na ɗauka ya shanye ne. Tun bazara mutum na ciwo, motar Abu Tawfiƙ na zuwa Zarƙa kullum, sai da buƙata ta taso ka tuna kana da yaya.

Ka ce ni kaɗai na iya. Ni ce dai wadda ta dama a Kirsimetin farko bayan rasuwar Umma, gida cike da mutanen da suka taso daga coci, har maƙwabciyarmu Hajja Ummu Salim da surukanta sun shigo. Baba ya kurɓa, ya tashi ya ɗauki tukunyar ya juye a tsakar gida, ya ce, "Kar wata ta ƙara taɓa tukunyar Hilana." Ban manta ba, kuma na san ba ka manta ba.

Ga shi, ka ba Suhaila. Ta samu garin sahlab na gaskiya wajen mai kayan yaji na bayan masallaci, ba na ƙulli ba. Madara ta safe, ba ta gwangwani ba. Ta dama garin a madara mai sanyi kafin ta ɗora, in ba haka ba gudaji zai yi. Ƙaron mastika ƙwaya uku, ta daka shi da sukari don kada ya manne a turmi. Wuta kaɗan, kuma kada ludayi ya tsaya, ko yaro ne ya faɗi ta bar shi ya tashi da kansa. In ya rufe bayan ludayi ta sauke, sannan ta ɗiga ruwan furen lemo. Kirfa da kwakwa sai a kofi.

Allah ya ba shi sauƙi.
Widad

Husun, 10 ga Disamba

Yaya Widad,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, na kuma sha abin da kika zuba mini a ciki. Ban da bakin musu.

Sau uku Suhaila ta gwada. Na farko ya kama gindi, gidan duk ƙauri. Na biyu ya yi kauri har ta ce in kawo bulo mu yi gini. Na uku ya yi kyau, ni na sha kofi biyu. Ta kai wa Baba, ya shinshina, ya ce, "Sannu 'yata, kin yi ƙoƙari, amma wannan hannun baƙo ne." Ta fito ta zauna a bakin murhu tana kuka. Likita ya zo jiya, ya ce in aka ci gaba haka sai dai a kai shi asibiti a sa masa ruwa, shi kuwa kin san ya rantse ba zai mutu a gadon gwamnati ba.

Ranar nan da Baba ya juye tukunyar, ina tsaye da tiren kofuna a hannuna. Na ga kin sunkuya kina kwashe madara da tsumma a gaban mutane, ban ajiye tiren ba. Da yamma kika haɗa jakarki, na ji ƙarar ƙofa, ban fito ba. Na ce wa kaina gobe zan biyo ki. Goben ce ta zama shekara shida. Ki yafe mini, Yaya. In ba za ki iya ba, ki dai duba halin tsohon nan.

Ƙanenki mai laifi,
Bishara

Zarƙa, 12 ga Disamba

Bishara,

Ga filas ɗin sahlab nan, ni na dama, na naɗe shi da bargo, na ce wa Abu Tawfiƙ in ya tsaya shan shayi a hanya ni da shi ne. Ka ba Baba da zafinsa. Kada ka ce daga ina ya fito.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekara tara kafin Umma ta rasu hannunta ya fara rawa, ludayi ba ya zama mata. Ta kira ni kicin ta tura ƙofa, ta ce, "Ke za ki dama, ni zan fitar. Babanki Jiryis ba ya alfahari da komai a garin nan sai tukunyar nan, kada ki bari ya san na gaza." Haka muka yi. Ni ke tsayuwa kan wuta tun safe, ita ta ɗauki kofin farko ta kai masa, mutane na ta yaba hannun Hilana, ina bayan ƙofa ina jin daɗi. Wanda ya zubar a tsakar gida shi ne dai wanda ya shekara tara yana lashe kofinsa. Ka gane abin da ya fi yi mini ciwo? Uwa na rasa, na tashi don kada tukunyarta ta yi sanyi, aka mai da ni ɓarauniyar gurbinta.

Zuwa kam kada ka sa rai. Jarrabawa muke yi, kuma zuciyata ba ta huce ba.

Widad

Husun, 13 ga Disamba

Yaya Widad,

Ina rubutu a tsaye don kada mota ta tashi. Ya sha! Kofi biyu ya shanye, har ya sa yatsa ya kwashe kirfar da ta manne. Ban ce masa komai ba, kamar yadda kika umarta.

Sai ya dube ni da idon nan nasa na da, ya ce, "Widad ta zo?" Na ce a'a, na Umma ne. Ya ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba. Hannun Widad ne. Kana tsammanin zan kwana ɗaki ɗaya da mace ban san hannunta na rawa ba? Sun so su rufa mini, na bar su." Na ce to Baba, me ya sa ka zubar? Ya ce, "Na kurɓa na ji bai canza ba ko kaɗan. Hilana na cikin ƙasa kwana arba'in, ga mutane na sha suna dariya kamar ba a rasa kowa ba. Sai na ji ba zan iya ba. Yarinyar ba ta yi laifin komai ba. Ka ce ta zo, ni zan gaya mata da bakina."

Yaya, hankalinsa kan dawo ne da safe, kuma safiyoyin suna raguwa. Ki bar jarrabawar nan, ki biyo Abu Tawfiƙ gobe.

Bishara

Zarƙa, 28 ga Disamba

Ƙanena Bishara,

Na iso lafiya daga Husun. Ka gode wa Suhaila, ta yi mini abin da ban zata ba.

A tasha ka tambaye ni me muka ce da Baba da na rufe ƙofa. Ba mu ce komai ba. Kwana uku ina kai masa kofi, yana karɓa da hannu biyu yana cewa, "Na gode, baiwar Allah. 'Yar gidan wa ce ke?" Na faɗi sunana, ya ce shi ma yana da 'ya mai sunan, tana koyarwa a Zarƙa, aiki ya yi mata yawa.

Takardarka ta same ni ranar sha uku ga wata. Ba jarrabawa ce ta riƙe ni kwana goma ba. So na yi shi ma ya ɗan jira.

Zan dawo ranar Juma'a, da kowace Juma'a. Ka sa a ajiye mini madarar safe.

Yayarka,
Widad