Alhajin Barikin Kanada

Zuwa ga ƙanena Habu,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, yayarka Rakiya ce daga unguwar Hindawiyya, nan Makka. Na rubuto in sanar da kai cewa bana ka yi aikin Hajji. Na san ba ka da labari, tunda ƙafafuna ne suka sha wuyar.

Bari in tuna maka, don masu leƙen wasiƙar nan su san irin ƙanen da Allah ya ba ni. Kai ne in an kayar da ragon layya sai ka tuna ana nemanka a shago. Kai ne mai jan bargo don an kunna fanka. Sai ga takarda ta fito maka ta Kanada, ka ajiye tasinka ka tafi. Bayan wasu shekaru ka aiko hoto cikin kakin soja, dusar ƙanƙara har gwiwa. Maƙwabciyarmu ta daɗe tana dubawa, ta ce a bincika ko aron kayan ka yi.

Da aka tura ku yaƙin Afganistan, ka ce kar in damu, tuƙi kawai kake yi. "Yaya, wanda ya yi tasi a Makka ranar saukowa daga Mina, wace hanya ce za ta ba shi tsoro?" A kan hanyar kuwa aka binne bam ɗin. Wani hafsa ya bugo waya, tare da tafinta mai Larabcin da na sha wuya kafin in gane. Da na gane, na so a ce ban gane ba. Can Kanada aka yi maka sutura, ni ko fasfo ba ni da shi.

Daga baya wasiƙar abokin aikinka ta iso, wani Bature mai kirki, aka fassara min. Ya yabi haƙurinka, sannan ya ce duk barikin "Haji" suke kiranka, don ka gaya musu ka hau Arfa sau goma sha ɗaya.

Habu! Ina cikin kuka dariya ta ƙwace min. Ba ka yi ƙarya ba, ni ce shaida. Amma da butar shayi a hannu ka hau, da riga da wando, kana bin tantuna kana talla, ni ina soya masa a bayanka. Niyyar Hajji ko sau ɗaya ba ka ɗaura ba. Kullum "sai baɗi", irin na mutanen Makka: Ka'aba tana nan, ina za ta? Sai dariyar ta tsaya, don na tuna baɗinka ya ƙare.

Na ƙudura zan yi maka. To ni ma 'yar Makka ce, na yi ta baɗi har gwiwoyina suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sannan na je wurin malamin unguwa. Ya ce ya halatta mace ta yi wa namiji, sai ya tambayi yaushe na yi nawa. Na ce na fi shekara talatin ina hawa Arfa. Ya ce da niyya? Na ce da kasko. Ya ce to sai na sauke nawa tukuna. Ka gani, kana kabari ma sai da ka ja min aiki biyu.

Bara na samu tasrihi, wato takardar izini, na yi nawa. Na san inda kowane famfo yake a Arfa, amma addu'o'in sai da na riƙe ɗan littafi. Aka raba mana shinkafa, na ɗanɗana, saura kaɗan in tashi neman mai girkin. Tsofaffin masu saye kuma suna hango ni sai su tambayi ko akwai masa.

Bana na yi naka. Da aka zo niyya, malam ya ce in ambaci sunanka bayan Labbaika. Sai a karo na uku na iya faɗinsa. Daga nan na kai ka ko'ina. Na tsaya maka a Arfa har rana ta faɗi. Na yi maka jifa, kuma na tabbata na fi ka saiti duk da sojanka. Aski ne kawai ka tsira, gwargwadon ɗan kan yatsa na yanke a gashina.

Da na dawo gida mutane suka yi ta shigowa barka, ni kuwa na kasa murna. Ashe baɗin nan da na yi ta yi ba lalaci ba ne kaɗai. Muddin Hajjinka na gabana, ina da sauran aiken da zan yi maka, kamar kana can kana jira in dawo. Yanzu na gama, kuma ba ka bar min wani ba. Ina kewarka, ɗan'uwana.

Allah ya karɓa mana, ya kai maka ladan har inda kake kwance, ya yalwata kabarinka, ya haɗa mu inda ba a rabuwa. Amin.

Yayarka,
Rakiya