Tafinka a Bangon Gabas

Baba,

Ina gaishe ka, da fatan kana hutawa wurin Ubangiji. Na san babu mai kai maka wannan takarda, amma da in yi magana da mutanen nan, gara in yi da kai.

Majami'arka ta faɗi. Bangon gabas ya zube da ruwan Agusta, rufin ya bi shi. Babu wanda ya ji rauni, kowa yana gona.

Ka tuna yadda kuka fara? Gida bakwai masu sujada a gindin tsamiya, can bayan Bukkuyum. Kai ka kwaɓa ƙasa, su Inna suka ɗebo ruwa daga fadama, maƙwabcinmu Arɗo, Musulmi, ya ba da aron jakunansa. Kowace kaka, in gero ya shiga rumbu, sai a yi gayyar yaɓe da makuba, duk wanda ya yi aiki ya danna tafinsa a bangon gabas. Naka ba ya ɓata, yatsu huɗu da rabi, aikin lauje.

Sai ga Kawu Bitrus, ƙanen Inna, ya yi ritaya a Gusau ya dawo mana da tumbi da tabarau. Mutumin da bai taɓa ɗaukar tubali ɗaya ba, shi ne ya ce ginin ƙasa abin kunya ne, a shafe shi da siminti. Tsofaffin mata suka ce ƙasa tana numfashi, in an toshe ta damshi zai ci ta daga ciki. Ya yi musu dariyar 'yan birni. Dattawan nan da ka koya wa karatu harafi harafi suka bi shi zugui-zugui, babu mai tari. Aka shafe tafukan, aka yi fenti, aka kafa allo da sunansa. Naka fa? Ko a ƙasan allon babu.

Yanzu yana yawo yana cewa aikin Shaiɗan ne, har ya sa azumin kwana uku. Shaiɗan ɗin da duk shekarun nan bai iya da makubarka ba, sai da ya ga fenti? Damina uku kawai simintinsa ya yi. Mun koma gindin tsamiya, kuma abin da ya fara sa a tono shi ne allonsa. Ga shi can jingine, ko ƙwarzane babu.

Baba, akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da aka ce masu son siminti su ɗaga hannu, na ɗaga. Tun ranar aurena, da ƙawayena na Gummi suka tambaya ko rumbu ne, nake jin kunyar ginin nan. Na raina shi, kuma a raina na raina ka. To da me na fi Kawu?

Kwana biyu na yi ina tonon ɓaraguzai. Ƙasar ta narke, tafukan sun tafi. Amma simintin ya shiga gurbinsu ya daskare, sai na juya wani guntun siminti na ga hannu a bayansa, yatsu huɗu da rabi. Wannan ne kaɗai aikin kirkin da Kawu ya taɓa yi, shi ma bai sani ba.

Na kawo shi gida, ban nuna wa kowa ba. Na ɗora hannuna a kai, wannan hannun dai da na ɗaga.

Ka huta lafiya, Baba. Ka gaida Inna.

'Yarka da ta ji kunyarka,
Rahila