Rantsuwar Mannir a kan kwanan Tsafe

Bunguɗu, ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Mansura,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a can Fatakwal. Yau na tashi da dama-dama. Ƙafar ce har yanzu ba ta kai ni masallaci, hannun kuma kina ganin rawarsa a rubutun nan. Amma ba ciwo ne ya sa na ɗauki biro ba.

Makon jiya ƙanenki Mannir ya zo da wani tsohon fim na Faransawa a wayarsa, wani fasinjan motar hayar da yake ja ne ya tura masa. Ya ce tunda na yi shekaru ina koyar da Faransanci a Gusau, in fassara musu shi da matarsa Sa'adatu. Na ji daɗi, Mansura, don an daɗe ba a nemi komai a wurina ba. Muka zauna a tsakar gida bayan la'asar. Fim ɗin na ban dariya ne, miji yana cin amanar matarsa, ita ma tana da nata, kowa yana ɓoye wa kowa. Ni kuma na saki jiki har ina kwaikwayon muryoyinsu. Aka zo inda mijin yake gaya wa matar cewa jirgin ƙasa ya tafi ya bar shi, dole ya kwana a wani gari, alhali yana ɗakin wata. Na faɗa da Hausa yadda ya faɗa, har da marairaicewar. Mannir ya yi dariya har da buga cinya. Sa'adatu ta tashi ta ce za ta duba tukunya, ga shi ba a ɗora komai a wuta ba.

Kin san in yamma ta yi wa Mannir a hanyar Funtuwa, a Tsafe yake ajiye mota ya kwana, saboda masu tare hanya. Ni na sa shi yin haka. Washegarin kallon fim ɗin na jiyo su daga ɗakina, Sa'adatu tana cewa ashe haka maza suke yi in sun ce sun kwana a hanya, kuma irin dariyarsa ta wanda ya san abin ce. Ban san yaron nan da wannan hali ba, ban kuma sani ba ko wani ya taɓa kawo mata magana. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, da ransa ya ɓaci sai ya rantse da Allah ba zai ƙara kwana a Tsafe ba, komai duhu zai taho gida. Ita kuma ba ta ce kada ya yi ba.

Tun ranar yana cika rantsuwarsa. Da an kira magariba sai in kasa kunne, in wani babur ya tsaya a ƙofar gida sai in ce labari aka kawo. Na nuna masa rantsuwa tana da kaffara, ya ce sai in ita ta roƙe shi da bakinta. Ni kuwa nauyin surukuta ya hana ni yi mata irin wannan zance. Tana kawo mini kunu, ta durƙusa ta gaishe ni, idonta ja. Sai na aika wa kawunta Malam Tukur a Kwatarkwashi, ya ce zai zo yau da azahar.

Don Allah ki kira Sa'adatu, tana jin maganarki. Kada ki tsaya neman mai gaskiya a cikinsu. Ki samu ta ce masa ya riƙa kwana a Tsafe, sauran a gyara daga baya.

Ki gaida maigidanki Alhaji Bashar, da Hauwa'u da Faruk. Allah ya yi muku albarka.

Naki mahaifi,
Malam Salisu

Na sa an shimfiɗa wa Malam Tukur tabarma a zaure tun hantsi. An yi la'asar, bai zo ba, wayarsa kuma ba ta shiga. Yanzu Mannir ya bugo daga Funtuwa, wai motar ba ta gama cika ba.